Kwancin Kaza Ko Injin Ƙyanƙyasa?

Shekaru kaɗan da suka wuce, in ka ji ana maganar injin ƙyanƙyasar ƙwai, to zancen manyan gidajen gona ake yi, irin na Ibadan da kewayenta, inda ake loda 'yan tsaki a kwali a kwana ana tafiya da su zuwa Kano, Sakkwato ko Maiduguri. Yanzu abin ya shigo tsakar gida. Akwai ƙanana na roba da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, mai cin ƙwai 24, mai cin 56, har mai cin ɗari da 'yan kai. Akwai kuma waɗanda matasanmu ke haɗawa da hannunsu, da katako ko gangar tsohon firji, a sa ƙwan lantarki da 'yar fanka da na'urar daidaita zafi. Duk lokacin da kuɗin ɗan tsako ya yi tashin gwauron zabi, sai kasuwar waɗannan injuna ta buɗe.

A gidaje da yawa gardamar tsakanin ɗa da mahaifiyarsa take. Shi ya ga bidiyo a Facebook ko TikTok, an buɗe murfi ga 'yan tsaki sun cika faranti, yana so a sayar da akuya a sayo inji. Ita kuwa, wadda kajin nata ne, tana ganin tun kafin a haife shi kajinta ke kwanci su fito da 'ya'yansu ba a biya ko sisi ba. Kowannensu yana da hujja, kuma tun da dukiyar talaka ce za a taɓa, ya kamata a auna hujjojin da kyau kafin akuyar ta tafi kasuwa.

Babbar hujjar masu inji ita ce lokacin kaza. Kazar Hausa takan saka ƙwai 10 zuwa 15, sai ta daina, ta hau kwanci kwana 21. In ta ƙyanƙyashe, ta shiga jan 'ya'ya wata biyu ko fiye, duk a tsawon wannan lokaci ba ta saka ko ƙwai ɗaya. Shi ya sa zagaye uku ko huɗu kawai take yi a shekara, ƙwanta gaba ɗaya bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. In kuwa ana kwashe ƙwan kullum, inji ya ɗauke mata kwanci, mai gida ya ɗauke mata reno, za ta koma saka cikin 'yan makonni. Injin kuma ba ya jiran sai jikinsa ya so. Ana iya zuba masa ƙwai kowane wata, a bar 'yan kwanaki tsakani don wanka da shanya.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi a wurina, ko da yake ba a cika kawo ta ba. 'Yan tsakin inji sa'o'in juna ne. Wanda ya taɓa neman rigakafin kaji ya san kwalbar takan zo da awon tsuntsu ɗari ko fiye, kuma galibi da zarar an haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita cikin sa'a ɗaya ko biyu, ragowar a zubar. Mai 'yan tsaki bakwai na wannan makon, biyar na makon jiya, tara na watan da ya wuce, ta ina zai fara? Mai hamsin da suka fito rana ɗaya kuwa rana ɗaya zai yi musu rigakafi, abinci iri ɗaya za su ci, kuma yana iya ƙirga kwanakinsa baya daga Sallah ya san ranar da zai zuba ƙwai don su isa yanka daidai lokacin da kaza ke tsada.

Akwai kuma kajin da an riga an cire musu ɗabi'ar kwanci wajen zaɓen iri, don su yi ta saka ba hutu. Kajin gidan gona masu ƙwai haka suke, har da ShikaBrown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar a 2000. Irin su Noiler da FUNAAB Alpha, da aka samar don su jure kiwon sake, su ma ba kajin da za ka dogara da kwancinsu ba ne. Wanda ya ajiye irin waɗannan yana son 'ya'yansu, dole ya nemi inji ko ya aro kazar Hausa.

Masu cewa ƙyanƙyasa ba uwa shisshigi ne cikin halitta ko baƙon abu ne na Turawa, wannan kam ba su da hujja. Mutanen Masar sun shafe fiye da shekara 2000 suna ƙyanƙyasar dubban ƙwai a lokaci guda cikin ɗakunan tubali da ake ɗumamawa da wuta, ba lantarki ba ma'auni, gwanin aikin yakan kara ƙwai a fatar idonsa ya san ko zafin ya yi daidai. Har zamaninmu ba a daina sana'ar a karkarar Masar ba. A Bangaladash kuma ana ƙyanƙyashe ƙwan agwagwa cikin ƙaiƙayin shinkafa da aka ɗumama. Abin da ƙwai ke nema sananne ne: zafi, danshi, iska da juyi. Ko ƙirjin kaza ya ba shi ko akwati, in an cika sharuɗɗan zai fito.

To a wajen cika sharuɗɗan ne masu kaza suke da abin faɗa, kuma abin nasu da nauyi.

Ƙwan kaza yana son zafin digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, kwana 21. Sa'o'i 504 ke nan a jere. Ɗauke wuta na sa'a biyu ko uku ba ya kashe ƙwai, don ita kazar ma takan tashi kullum ta ci ta sha ta dawo. Amma wace unguwa ce a Arewa za ta yi maka alkawarin wuta ba za ta kwana a ɗauke ba tsawon mako uku? A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun lalace. A Nijar, bayan juyin mulkin Yulin 2023, an katse wutar da ke zuwa daga Najeriya har watanni. Duk injin da ke dogare da waya kaɗai a irin waɗannan ranaku, abin da ke cikinsa baragurbi ya zama. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kunna shi dare da rana saboda ƙwai hamsin asara ce tun kafin a fara. Masu inji za su ce ai ga sola, kuma gaskiyarsu, ƙaramin inji ba ya cin wuta sosai, wasu ma kai tsaye suke aiki da batir. Sai dai farantin sola da batirin da zai riƙe shi har asuba, a daren hunturu ko a kwanakin da hadari ya rufe rana, sukan kai kuɗin injin kansa ko su fi. Wannan lissafin ne mai talla ba ya sawa cikin bidiyo.

Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne cewa waɗannan injuna ɗumamawa kaɗai suka iya, ba sa sanyayawa. An ƙera su ne don ɗakin da ya fi ƙwai sanyi. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafin rana a Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Injin zai kashe wutarsa, amma zafin da ke cikinsa ba zai sauka ƙasa da na ɗakin ba, kuma zafi ya fi sanyi saurin kashe ɗan tayin da ke cikin ƙwai. Kazar da ke kwanci a irin wannan rana takan ɗaga jikinta ta tsaya a kan ƙwan ta bar iska ta ratsa, kuma tun farko lungu mai sanyi take zaɓa, bayan randa ko ƙarƙashin rumbu. Mai inji sai ya nemi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko ya haƙura da bazara gaba ɗaya.

Da hunturu kuma matsalar ta juya. Ƙwai na buƙatar danshin iska kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana uku na ƙarshe, a kuma daina juyi, a daina buɗe murfi. Iskar hunturu takan bushe har danshinta ya faɗi ƙasa da kashi 20. In ruwan farantin da ke cikin inji ya ƙafe ba a lura ba, ko ɗoki ya sa aka yi ta buɗewa ana leƙe, tantanin cikin ƙwai ya bushe ya manne wa ɗan tsako. Za ka ga ya huda ɓawo, yana kuka, ya kasa juyawa, ya mutu a ciki da gashinsa cikakke. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a fasa ƙwai ashirin a tarar da haka. Ga kuma lambobin da ƙananan injuna ke nunawa ba kullum suke gaskiya ba. Bambancin digiri ɗaya ya isa ya sa 'yan tsaki su fito da wuri da cibiya a buɗe, ko su makara su fito a raunane da karkatattun ƙafafu. Wanda zai sayi inji ya haɗa da ma'aunin zafi na dabam, ko da irin na asibiti ne, ya gwada shi kwana biyu babu ƙwai.

Sai tambayar da ta fi kowace kayar da sabon mai inji: ina ƙwan? Ƙwan kiret da ake sayarwa a shago ba zai taɓa ƙyanƙyashewa ba, don kajin da suka saka shi ba su san zakara ba. Ƙwan ƙyanƙyasa sai daga garken da ke da zakara lafiyayye, kamar ɗaya ga kaji goma, kuma so samu kada ya wuce kwana bakwai da sakawa, a ajiye shi wuri mai sanyi, tsininsa ƙasa, ba a wanke shi ba. A zafinmu ma kwana bakwai ɗin da yawa, domin ɗan tayi yakan fara motsi tun ƙwai na cikin ƙwarya, ya tsaya, ya mutu. Yanzu a yi lissafi. Don a cika inji mai cin 56 cikin mako guda, ana buƙatar kaji takwas zuwa goma da ke saka a lokaci ɗaya, kusan kullum. Matar da ke da kaji goma, wataƙila uku ne ke saka a wannan makon. Ko dai injin ya yi ta cin wuta da ƙwai goma sha biyar a ciki, ko a shiga kasuwar ƙauye ana tsintar ƙwan da ba a san ranarsa ba, ba a san lafiyar uwarsa ba. Akwai cututtukan da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, kuma ruɓaɓɓen ƙwai ɗaya in ya fashe a cikin zafin inji yana iya ɓata na kusa da shi duka.

Ko an sami ƙwan, iri ma magana ce. Burola da kajin ƙwai na gidan gona haɗin iyaye ne na musamman da kamfanoni ke riƙe da su. In ka haɗa 'ya'yan da juna ka ƙyanƙyashe, jikokin ba za su yi girma ko saka irin na iyayensu ba, kowanne da kamarsa. Kuma duk abin da aka ƙyanƙyashe, kusan rabinsa zakaru ne. Ga mai neman nama wannan ba laifi, ga mai burin ƙwai kuwa rabin abincinsa ya tafi inda bai nufa ba.

Har yanzu ba a zo ga ranar 22 ba, wadda a ganina ita ce zuciyar maganar. Inji yana ba ka ɗan tsako, ba ya ba ka uwa. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa a makonnin farko. Yana son ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a rinƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ya yi gashi. Wannan wata wutar ce kuma, ko kaskon gawayi ko fitilar kananzir, da haɗarin hayaƙi ya shaƙe su a rufaffen ɗaki ko gobara ta tashi cikin dare. Ba mai tona musu gara, sai an sayi abincin 'yan tsaki na buhu, wanda kuɗinsa ke bin kuɗin masara da waken suya. Mutane da yawa sun ci nasarar ƙyanƙyasa sun faɗi a reno.

Amma a nan ɗin ne kuma masu kaza ya kamata su sassauta murya, domin nasu renon ma ba abin alfahari ba ne. Gaskiya ne kaza mai kyau takan fito da takwas cikin ƙwai goma, abin da ƙaramin inji a hannun sabon shiga ba ya kaiwa. To bayan wata biyu nawa suka rage? A kiwon sake na karkarar Afirka, kusan rabin 'yan tsaki ke mutuwa kafin su kai wannan lokaci. Shaho da shirwa su ɗauka daga sama, muzuru da gafiya da maciji su ɗauka da dare, ruwan sama da raɓa su kashe wasu, ƙuma ta tsotse wasu tun suna gurbi. Sai hunturu ya zo da annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, mai sa kaza zawo da murɗewar wuya, ta share akurkin unguwa guda cikin mako. An saba da wannan asara har an daina ƙirga ta. Uwar da ke cewa kajinta ba sa cin ko sisi ba ta lissafa waɗanda shaho ya ci.

Saboda haka ina ganin ɗan da uwar duka sun tsaya gardama a kan abin da bai fi damun garkensu ba. Gidan da ke da kaji biyar ko goma ba ƙarancin ƙyanƙyasa ke hana shi yaɗuwa ba, mutuwa ce. Kuɗin da za a sa a inji da batir, in aka sa kaɗan daga cikinsa a rigakafi da ragar waya, zai fi dawowa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasil mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk bayan wata uku ko huɗu. Maƙwabta biyar za su iya haɗa kuɗi su raba kwalba ɗaya. A killace kaza da 'ya'yanta ƙarƙashin raga ko babban kwando makonni huɗu zuwa shida na farko, a ba su tsaki da gara da ruwa mai tsabta. A zuba toka a gurbi kafin kwanci, a ƙone tsohuwar shimfiɗa bayansa. Har ribar nan ta sa'o'in juna ana iya samunta ba inji: kazar da ta fara kwanci a bar mata dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu masu alama ta yi ta zama a kai, har ta biyu da ta uku su kama, sai a zuba musu sabon ƙwai dare ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, a haɗa 'ya'yan ga uwar da ta fi iya reno, cikin duhu, sauran su koma saka. Haska ƙwai da tocila a kwana na bakwai zuwa goma, a cire wanda ba jijiyar jini a cikinsa, wannan ma aikin kowa ne, da inji ko babu.

Akwai wani abin da nake jin tsoro, kuma ba na ɓoye shi. A gidan Bahaushe kaza dukiyar mace ce da yara. Da ita ake sayen sabulu, a biya kuɗin magani, a fita kunyar baƙo, ba tare da an jira mai gida ba. Da zarar an sayo inji da kuɗin namiji, aka ajiye shi a ɗakinsa kusa da batir, ƙwan da uwar gida ke tarawa a ƙwarya yakan koma can, kuɗin 'yan tsakin kuma ba lalle ya dawo hannunta ba. Duk gidan da zai sayi inji ya fara warware wannan tun kafin a kunna shi: ƙwan wa, 'yan tsakin wa.

Inda na ba masu inji gaskiya ba tare da ja ba shi ne zabi. Zabuwa da damina take saka, kuma in ana kwashe mata takan saka a damina ɗaya abin da ya kai ko ya fi na kazar Hausa a shekara. Amma ba ta da haƙurin kwanci, a daji take ɓoye gurbinta, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa sanyi ya kashe su. Shi ya sa tun kaka da kakanni kaza ake sa wa ƙwan zabi, ta yi kwana 26 zuwa 28 a kai. To kaza ɗaya abin da za ta rufe bai wuce 12 zuwa 15 ba, kuma ba kullum ake samun mai kwanci a makon da ƙwan ya yi yawa ba. Sauran sai a dafa a kai tasha a sayar da araha. A nan ƙwan yana nan da yawa, lokaci guda, sabo, a watannin da zafi ya sauka kuma iska ke da danshi, wato daidai yanayin da ƙaramin inji ya fi jin daɗin aiki. Zabo kuma ya fi kaza daraja a kasuwa. Sharaɗin kawai a bar isassun maza a garke, domin zabi ba kamar kaji ba ne da namiji ɗaya zai wadaci goma, kuma ƙwan farkon damina ba ya cika ɗauka kamar na tsakiyarta. Haka ma inji kan taimaka wajen ƙwan agwagwar gida da ke cin kwana 35, da talo-talo mai 28, da salwa mai 17 ko 18 wadda a keji da wuya ta yi kwanci.

Wannan ya sa nake ganin wurin inji a unguwa yake, ba a kowane gida ba. Mutum ɗaya, ko ƙungiyar mata guda, da ke da sola mai ƙarfi, ɗaki mai sanyi da haƙurin tashi cikin dare, ya riƙe inji mai cin ɗari biyu ko uku, sauran su kawo ƙwai su biya ladan kowanne. Ana yin hakan a wurare, kuma inda yake lalacewa a rashin sharaɗi ne tun farko. A sa rana ɗaya ta karɓar ƙwai, wanda ya makara ya jira zagaye na gaba. A rubuta alamar kowa a ɓawo da fensir. Kada a karɓi mai datti, mai tsaga ko wanda ya daɗe a ajiye. A haska a gaban mai ƙwai a kwana na bakwai zuwa goma, don wanda zakaransa bai yi aiki ba kada ya ɗora wa inji laifi. A faɗi a fili, gaban shaidu, wanda zai ɗauki asara in wuta ta yanke ko zafi ya wuce kima. Ana gab da ƙyanƙyasa a raba ƙwan kowa cikin 'yar ragarsa don kada 'yan tsaki su cakuɗe. Kuma kada mai injin ya miƙa 'yan tsaki sai ya tambayi mai ɗauka inda za su kwana a daren farko da abin da zai ɗumama su.